Gidan Hoshi na Awazu: Tarihin Masaukin da Zuri'a Ɗaya Ta Riƙe Shekara 1,300

Gabatarwa

A yammacin ƙasar Japan, cikin lardin Ishikawa da ke fuskantar Tekun Japan, akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Awazu. Yana ƙarƙashin birnin Komatsu, mahaifar kamfanin nan mai ƙera katafila da manyan motocin haƙa, wanda ake ganin sunansa a wuraren aikin hanya a ƙasashenmu. A tsakiyar wannan gari akwai masaukin baƙi da ake kira Hoshi. Bisa lissafin masu gidan, an buɗe shi a shekarar 718 Miladiyya, wato zamanin da Umar ɗan Abdul'aziz yake halifanci, kuma kimanin shekara 280 kafin shekarar 999 da aka saba bayarwa a matsayin farkon sarautar Bagauda a Kano. Tun daga wancan lokaci gida ɗaya ne ke riƙe da shi, magaji bayan magaji, har aka kai ga na 46.

Otal-otal nawa aka buɗe da kiɗa da walima, amma ba su kai shekara talatin ba suka zama kango? Sana'o'i nawa suka bi mai su kabari? Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me ya dawwama a Hoshi, da wace dabara aka riƙe shi, kuma wa ya biya kuɗin wannan dawwama? Amsar tana cikin labarin kafuwar gidan, da tarihin yankin da yake ciki, da kuma tsarin gadon Japanawa.

Garin Awazu da ruwansa

Japan ƙasa ce ta duwatsu masu aman wuta, saboda haka ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa a dubban wurare. Irin wannan maɓuɓɓuga suna kiranta onsen. Awazu na ɗaya daga cikin garuruwan ruwan zafi huɗu da suka yi suna a yankin Kaga, sauran su ne Yamashiro da Yamanaka da Katayamazu. Daga gabas ana hango tsaunin Hakusan, ma'ana Farin Dutse, mai tsayin mita 2,702, wanda ƙanƙara ke lulluɓe kansa mafi yawan shekara. Japanawa na lissafa shi cikin tsaunuka uku masu alfarma a wurinsu, tare da Fuji da Tateyama.

Masaukin gargajiya irin na Hoshi sunansa ryokan, kuma ya sha bamban da otal irin na Turawa. Baƙo na tuɓe takalmi tun daga ƙofa. An shimfiɗe ɗakuna da tabarmi masu kauri da ake kira tatami, kuma babu gado a ciki. Da dare ma'aikaciya ke fito da katifa daga ma'aji ta shimfiɗa, da safe a naɗe. Ana ba baƙo doguwar riga ta auduga ya sa muddin yana gidan. Kuɗin kwana ya haɗa da abincin dare da karin kumallo. Amma zuciyar gidan ita ce wurin wanka, inda ruwan maɓuɓɓuga ke kwarara dare da rana. A lokacin da Hoshi ya fi bunƙasa ya kai ɗaki kusan 100, yana iya saukar da baƙi kusan 450 a dare guda, gine-ginensa kuma sun kewaye wani tsohon lambu mai itatuwa da tafki.

Tun daga nan za a iya gane sirri na farko. Mai sayar da tufafi ko mai ƙira na iya kwashe kayansa ya koma wani gari idan kasuwa ta mutu. Mai masaukin ruwan zafi ba shi da wannan dama, domin jarinsa na ƙarƙashin ƙasa. Ruwan ya ɗaure iyalin a wuri guda, shi ne kuma ya riƙa jawo musu baƙi a kowane zamani, tunda ciwon gaɓoɓi da gajiyar jiki ba su san sauyin mulki ba.

Labarin kafuwa

Ruwayar da gidan ke bayarwa ta fara ne da wani malamin addinin Buddha mai suna Taicho, wanda aka ce ya rayu daga 682 zuwa 767. An ce a shekarar 717 ya hau ƙololuwar Hakusan don kaɗaita da bauta, wani mai saran itace da ake kira Gengoro Sasakiri ne ya yi masa jagora. A can, in ji labarin, abin bautar tsaunin ya zo masa cikin mafarki ya gaya masa cewa a ƙauyen Awazu akwai ruwa mai warkarwa a ɓoye, ya je ya tono shi don amfanin jama'a. Taicho ya sauko, ya tara mutanen ƙauyen suka haƙa, ruwan zafi ya fito, marasa lafiya suka yi wanka suka sami sauƙi. Da zai koma ga bautarsa sai ya umarci almajirinsa Garyo, ɗa na biyu ga mai saran itacen nan, da ya zauna ya gina wurin da masu neman waraka za su riƙa sauka. Garyo ne ya zama Zengoro na farko. Kalmar hoshi kanta a harshensu tana nufin malamin addinin Buddha, don haka sunan gidan na ɗauke da shaidar inda ya fito.

Ɗalibin Hausa ba zai ji wannan labari baƙo a kunnensa ba. Akwai baƙo mai baiwa da ya zo daga wani wuri, akwai ruwan da jama'a ba sa samu sai da zuwansa, akwai kuma zuri'ar da ta samo matsayinta daga wannan aiki. Ƙashin bayan labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura ke nan. Yadda manazarta ke karanta wancan, haka ya kamata a karanta wannan. Tarihin rayuwar Taicho an rubuta shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa, kuma wuraren bauta masu yawa a kewayen Hakusan na jingina kafuwarsu gare shi, ciki har da haikalin Natadera da ke kusa da Awazu, wanda shi ma yake lissafi daga 717. Shekarar 718 ta zo mana ne ta hanyar ruwayar gida da ta wuraren bauta. Sai dai lissafin bai saɓa wa hankali ba: idan aka raba shekara 1,300 ga magada 46, kowane zai sami kimanin shekara 28, wanda shi ne gwargwadon tazarar da aka saba gani tsakanin uba da ɗa.

Muhimmancin irin wannan labari ya wuce batun tabbatar da shekara. Abin da yake koya wa duk yaron da aka haifa a gidan shi ne, kakansu bai sayi ruwan nan ba, bai kuma ƙwace shi ba. Amana aka ba shi don marasa lafiya. Wanda ya taso da wannan a ransa, sayar da gidan zai yi masa nauyin da sayar da kanti ba zai yi ba. Ta haka labarin asali ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da suka tallafi masaukin.

Daga zamanin yaƙi zuwa mulkin Maeda

Lokacin da aka ce an kafa Hoshi, fadar Japan na birnin Nara, sarauniya Gensho ke kan gado, lardin Kaga ma bai wanzu ba, don sai a 823 aka yanke shi daga lardin Echizen. Ƙarnonin da suka biyo baya ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1488 manoma da ƙananan mayaƙa mabiya wata ɗariƙar addinin Buddha suka yi tawaye, suka kawar da mai mulkin Kaga, Togashi Masachika, suka riƙe lardin da kansu kusan shekara ɗari. Sai a 1580 rundunar Oda Nobunaga ta murƙushe su da ƙarfin takobi. Haikalin Natadera na cikin wuraren da suka lalace a waɗannan yaƙe-yaƙe. Gine-ginen yankin duk na katako ne da takarda, abincin wuta, kuma ƙasar ba ta rabuwa da girgiza. Don haka babu wani bango ko ginshiƙi a Hoshi na yau da ya ga zamanin Taicho. An rushe an sāke ginawa sau da dama a kan ruwa guda.

Sauƙi ya zo da zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, lokacin da gidan Tokugawa ya haɗe ƙasar ya kashe wutar yaƙin basasa. Kaga ta faɗa hannun gidan Maeda, waɗanda suka fi kowane gidan hakimai arziki in ban da Tokugawa. Ana ƙiyasta amfanin ƙasarsu da koku miliyan ɗaya na shinkafa, koku guda kuwa kusan lita 180 ne, abin da aka ɗauka zai ci da mutum ɗaya shekara. Hakimi na uku, Maeda Toshitsune, da ya yi murabus sai ya tare a Komatsu wajen 1640, ya sāke gina Natadera, ya kuma ƙarfafa sana'o'in hannu. A ƙofar Hoshi akwai wani tsohon itace da mutanen garin ke cewa shi ya dasa. Ruwayar gidan ta ƙara da cewa Kobori Enshu, shahararren gwanin shayi da tsara lambu na wancan ƙarni, ya ba da shawara wajen shirya lambun masaukin. A 1689 mawaƙi Matsuo Basho ya ratsa yankin a tafiyarsa ta arewa, ya ziyarci Natadera, ya kuma yi kwanaki a ruwan zafin Yamanaka.

Abin da ya fi ziyarar manya amfani ga masaukai shi ne al'adar talakawa da ake kira toji, wato jinya da ruwan zafi. Gwamnatin Tokugawa ta takura tafiye-tafiye, ta kafa shingaye a manyan hanyoyi, amma tana ba da takardar izini ga mai zuwa ziyarar wurin bauta da mai zuwa neman magani. Manoma kan jira bayan girbi su ɗauki shinkafarsu da tukwanensu su tare a garin ruwan zafi, ana lissafa zaman mako-mako, sau da yawa har mako uku. Wanda ya san yadda masu ciwon sanyi ke zuwa Tafadek a arewacin Agadas su yi kwanaki suna wanka zai fahimci abin da ake nufi. Irin waɗannan baƙi masu dawowa kowace shekara, uba ya kawo ɗansa, ɗan ya girma ya kawo nasa, su ne suka ciyar da gidajen Awazu.

Suna ɗaya, magaji ɗaya

Ruwa da baƙi kaɗai ba za su isa ba, domin maƙwabta ma suna da su, amma da yawa sun shuɗe. Sirri mafi girma na cikin yadda Japanawa suka fahimci gida, abin da suke kira ie. A wannan fahimta gida wani abu ne mai rai na kansa, wanda ya haɗa kakannin da suka wuce, da masu rai, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Suna da sana'a da ƙasa da kaburburan kakanni duk na gidan ne. Maigida na yanzu mai riƙon ƙwarya ne kawai, aikinsa ya karɓa ya miƙa.

Abubuwa uku suka fito daga wannan fahimta. Na farko, ba a raba dukiyar. Magaji ɗaya, galibi babban ɗa, shi ke ɗaukar komai, ƙannensa maza su nemi wata sana'a ko su kafa reshe, 'yan'uwansa mata kuma aure ya kai su wasu gidaje. Na biyu, magajin na ajiye sunansa na yanka ya ɗauki sunan gidan. A Hoshi kowane maigida Zengoro ne, kamar yadda sarautar Sarkin Maƙera ko Sarkin Pawa ke wucewa daga wani zuwa wani, jama'a su ci gaba da kiran sarautar ko da mai ita ya sauya. Mai kawo kifi da mai kawo gawayi da mai ba da bashi duk da Zengoro suke hulɗa, kuma Zengoro ba ya mutuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi ba baƙon al'adar mamaki. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma sun san wani lokaci albasa ba ta yin halin ruwa, wani lokaci kuma Allah bai ba mutum ɗa namiji ba. Japanawa sun yi wa wannan matsala tanadi da al'adar mukoyoshi: a nemo saurayi mai hazaƙa, sau da yawa daga cikin ma'aikatan gidan ko ƙaramin ɗa a wani gida, a aura masa 'yar maigida, sannan a mayar da shi ɗa a hukumance. Zai bar sunan mahaifinsa, ya ɗauki na surukinsa, ya gaje shi. Wannan ya bambanta da riƙo irin na Hausawa, inda yaro kan tashi a hannun kawu ko gwaggo amma nasabarsa da gadonsa na nan a gidan ubansa, kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada. A Japan nasabar ce kanta ake sauyawa a takarda.

Al'adar ba ta tsaya ga masaukan ƙauye ba. Risaburo Toyoda, shugaban farko na kamfanin motocin Toyota a 1937, an haife shi da sunan Kodama, ya auri 'yar Sakichi Toyoda aka mayar da shi ɗa. Osamu Suzuki, wanda ya ja ragamar kamfanin Suzuki fiye da shekara arba'in tun daga 1978, sunan gidansu na asali Matsuda. Har yau mafi yawan waɗanda ake mayarwa 'ya'ya a Japan manyan maza ne, ba jarirai ba. Wani bincike da Vikas Mehrotra da Randall Morck da abokan aikinsu suka wallafa a 2013 ya gano cewa kamfanonin Japan da irin waɗannan magada ke shugabanta sun fi na 'ya'yan cikin gida samun riba. Dalilin a fili yake: an zaɓo su ne don iyawa, kuma sanin cewa ana iya ɗauko wani daga waje na hana ɗan gida yin sakaci.

Saboda haka idan aka ce zuri'a ɗaya ta riƙe irin waɗannan gidaje fiye da shekara dubu, abin da ake nufi shi ne sarƙar suna ba ta yanke ba. Jini kan shigo daga waje, ya bi ta wajen 'ya mace, sunan ya ci gaba. Wannan tsari na daga cikin dalilan da suka sa Japan ke da kamfanoni fiye da 33,000 da suka haura shekara ɗari, adadin da babu ƙasar da ta kama ƙafarsa.

Matan da ba a lissafa ba

Jerin magada 46 jerin maza ne, amma duk wanda ya taɓa kwana a ryokan ya san wadda ke tafiyar da gidan. Ita ce okami, uwargidan masauki, yawanci matar maigida. Ita ke tarbar baƙo a ƙofa, ta san wanda ba ya cin kaza da wanda ƙafarsa ke ciwo, ta horar da ma'aikata, ta duba furen da aka ajiye a kowane ɗaki, ta raka baƙo har mota ta tsaya tana sunkuyawa sai ya ɓace. Maigida na kula da kuɗi da gini da hulɗa da hukuma, ita kuwa mutuncin gidan a idon baƙi yana hannunta. Amarya kan shigo tana ƙaramar uwargida, ta yi shekaru tana koyo a ƙarƙashin uwar mijinta kafin a sakar mata. Aure a irin wannan gida ɗaukar aiki ne na har abada, babu hutu, kuma a da iyaye ne ke ƙulla shi.

A nan ne kuɗin dawwamar ya fara bayyana. Babban ɗa ba shi da zaɓin sana'a. Ƙannensa sun tashi a gidan da ba za su gada ba. 'Ya mace kan auri wanda gidan ke bukata. Suruki ya rabu da sunan ubansa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ba da wani abu nasa don sunan Zengoro ya kai ga na gaba.

Da zamani ya juya

Juyin Meiji na 1868 ya kawar da mulkin Tokugawa, a 1871 aka soke ƙasashen hakimai, gidan Maeda ya rasa Kaga. Amma tsarin gida bai raunana ba, ƙarfi ma ya ƙara, domin dokar farar hula ta 1898 ta mayar da gadon magaji ɗaya doka a kan kowa. Jirgin ƙasa ya iso Komatsu a 1897, baƙi suka fara zuwa daga Osaka da Kyoto, masu kwana ɗaya ko biyu don shaƙatawa suka fara rinjayar masu zaman jinya. A Yaƙin Duniya na Biyu an mayar da masaukan ruwan zafi da dama wuraren jinyar sojoji da mafakar yaran da aka kwaso daga birane.

Babban sauyi ya zo ne bayan yaƙin. Gyaran dokar da aka yi a 1947 ya soke tsarin ie a hukumance, ya ba matar mamaci da dukan 'ya'yansa, maza da mata, haƙƙi a cikin gado. Ga kuma harajin gado mai nauyi, wanda ƙololuwarsa ta kai kashi 55 cikin ɗari tun daga 2015. Abin da a da doka ke tilastawa, yanzu sai da yardar 'yan'uwa da dabarar mayar da gida kamfani mai hannun jari.

Da farko bunƙasar tattalin arziki ta rufe wannan rauni. Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 kamfanoni kan kwaso ma'aikatansu cikin manyan motoci su kai su garuruwan ruwan zafi don walimar shekara. Masaukai suka ci bashin banki suka gina benaye na kankare da manyan zaurukan biki. A 1980 adadin ryokan a Japan ya haura 83,000. Da tattalin arzikin ya durƙushe a farkon shekarun 1990, walimar kamfanoni ta ja baya, bashin kuwa yana nan. Zuwa 2017 adadin ya faɗo ƙasa da 40,000. Yawan jama'ar ƙasar ma ya fara raguwa bayan 2008, matasa suka ƙaura zuwa birane, ƙananan garuruwa suka koma na tsofaffi.

A cikin wannan yanayi ne sunan Hoshi ya fita duniya. A shekarun 1990 kundin bajinta na Guinness ya sa shi a matsayin otal mafi daɗewa a duniya. Ya kuma shiga ƙungiyar Henokiens da aka kafa a Faransa a 1981, wadda ba ta karɓar kamfani sai ya kai shekara 200 yana hannun zuri'ar da ta kafa shi. Sunan ƙungiyar daga Anuhu ne, wanda malamai da dama ke cewa shi ne Annabi Idrisu. A 2011 Guinness ta mayar da kambun ga wani masauki, Nishiyama Onsen Keiunkan da ke lardin Yamanashi, wanda ke lissafi daga 705. Sai dai abin da ya sami tsofaffin gidaje biyu ya nuna cewa tsufa ba kariya ba ne. Kongo Gumi na Osaka, magina wuraren bauta tun 578, bashi ya ci ƙarfinsu, wani babban kamfanin gine-gine ya haɗiye su a 2006. Shi kuwa Keiunkan, bayan magada 52, a 2017 aka rasa mai karɓa a cikin dangi, aka miƙa shi ga babban manajansa. Masaukin na nan yana aiki, amma ya fita daga hannun zuri'ar.

Magajin da bai gada ba

Hoshi ma ya zo bakin wannan rami. Zengoro na 46 ya yi shekaru yana shirya babban ɗansa don ya zama na 47, sai a 2013 ɗan ya rasu ba zato, ya bar iyaye tsofaffi da gida mai shekara kusan 1,300. Ƙanwarsa, wadda ke zaman kanta da aikinta a wani wuri, ita ta dawo gida ta kama aiki. Wani ɗan gajeren fim na gaskiya da Bajamushe mai ɗaukar hoto Fritz Schumann ya fitar a 2014 ya nuna iyalin a cikin wannan hali: uba na tunanin wanda zai miƙa wa, uwa na tuna yadda aure ya shigo da ita wannan hidima, 'ya kuma na faɗin nauyin da ya faɗo mata wanda ba ta taɓa shirya masa ba.

A tsohon tsari maganin a shirye yake, wato a nemo mata miji a mayar da shi ɗa. Amma dokar da ta ba uba ikon yanke wannan hukunci ta kau tun 1947, kuma matan Japan na yau ba sa karɓar auren da aka ƙulla don ceton kamfani kamar yadda kakanninsu suka karɓa. Abin da ya rage shi ne a amince cewa mace na iya riƙe gidan da kanta. Ko wannan ma yana da misali a tarihi, domin a shekarun 1930, bayan mutuwar maigidan Kongo Gumi, matarsa ce ta zama shugaba ta 38, kuma a hannunta aka sāke gina hasumiyar haikalin Shitennoji da guguwa ta rusa a 1934. A 2018 garin Awazu ya yi bikin cika shekara 1,300 da samun ruwansa, ƙofar Hoshi a buɗe, 'yar gidan na cikin masu tarbar baƙi.

Kammalawa

Tarihin Hoshi ya nuna cewa ginin ya sauya sau da dama, masu mulki sun zo sun wuce, irin baƙin ma ya sauya daga majinyata zuwa ma'aikatan kamfani zuwa 'yan yawon buɗe ido. Abubuwa uku ne suka tsaya: ruwan da ya hana iyalin tashi, labarin da ya mayar da sana'a amana, da tsarin gadon da ya fifita suna a kan mutum. Biyun farko suna nan. Na ukun kuwa doka ta janye masa goyon baya, ya koma abin da sai mutum ya ga dama zai ɗauka.

Ba kowace al'umma ce za ta karɓi dabarar Japanawa ba, kuma inda ake bin shari'ar Musulunci rabon gado da kiyaye nasaba hukunci ne da ba a taɓawa. Masu son dukiya ta daɗe a dunƙule sukan bi ta hanyar waƙafi ko tarayyar magada. Amma tambayar da Awazu ta fuskanta tana gaban duk gidan da ke da sana'ar gado, ko ƙira ce ko rini ko saukar da fatake: wa aka koya wa aikin tun mai shi na da rai, kuma shin wanda aka koya wa ɗin yana so? Zengoro arba'in da biyar sun sami amsa kafin su rufe ido. Na 46 ya shirya tasa amsar, mutuwa ta riga shi, gidan ya dogara ga 'yar da tsohon lissafi bai taɓa sa ta a jeri ba.